Dakta, ɗalibina ya ce min "ai kowa na sha"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ni malama ce a wata sakandare a Tudun Wada, Kaduna, kuma ni ke kula da ƙungiyar ɗalibai ta yaƙi da shaye-shaye. Shekara uku ke nan muna gayyato masu lacca, mun nuna hotunan waɗanda ƙwaya ta haukata, mun yi tattaki da kwalaye. A zangon da ya wuce na kama wani yaro da tiramol a aljihu, yaron da nake alfahari da shi a aji. Da na tsare shi sai ya ce, "Malama, ai kowa na sha." Tun ranar barci ya ƙaurace min, don ina da ɗa sa'ansa. Me muke yi ba daidai ba?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya saka miki, Ya shirya mana su. Yaron nan ai ya riga ya ba ki amsa. Abin tambaya shi ne, a bakin wa ya ji cewa kowa na sha? Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: akwai yiwuwar a bakin masu laccar da kika gayyato ya ji.

Na halarci irin tarukan nan har na gaji. Babban baƙo zai karɓi makirfo ya ce shaye-shaye ya zama ruwan dare, babu gidan da babu ɗan ƙwaya, har matan aure ba a bar su a baya ba. Manya su gyaɗa kai, a raba lemo, a ɗauki hoto. Shi kuwa ɗan shekara 15 da ke zaune a baya, abin da ya shiga kunnensa daban ne: ashe ni kaɗai aka bari, ni ne bagidaje. A wannan shekarun yaro bai damu da ciwon ƙoda na shekara 20 masu zuwa ba. Dariyar abokai a majalisa yau da yamma ita ce fargabarsa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma mu da bakinmu muke gaya masa cewa yawan yana wajen masu sha.

Kuma maganar ba gaskiya ba ce, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Binciken ƙasa na 2018, wanda UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi, ya gano kashi 14.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, wato mutum miliyan 14.3. A Arewa maso Yamma kashi 12 ne. Adadin babba ne, ban raina shi ba. Amma ki juya shi: a yankinmu, 88 cikin kowane 100 ba su taɓa ta ba a wannan shekarar. Kuma inda abin ya fi ƙamari shi ne tsakanin masu shekara 25 zuwa 39, sun girmi ɗalibanki nesa ba kusa ba. Kin taɓa jin mai lacca ya faɗi 88 ɗin nan? Ba ya faɗa, don ba ya tayar da hankali, kuma ba ya kawo kuɗin taron baɗi.

Dalilin da ya sa yara ke zuzuta yawan masu sha a fili yake. Wanda ya yi caji yana tangaɗi a bakin Kasuwar Barci, unguwa duka za ta gan shi, a kwana uku ana labarinsa. Su tara da suka tashi daga makaranta suka wuce Islamiyya, ko wajen ogansu a Panteka, ko filin ƙwallo, babu mai ba da labarinsu. Ga kuma masu cika baki, waɗanda ko sigari ba su taɓa busawa ba amma suna nuna su ma 'yan hannu ne. Wasu masana biyu a Amurka, Wesley Perkins da Alan Berkowitz, sun nuna haka tun 1986 a kan ɗaliban kwaleji da giya: yawancinsu na zaton abokansu sun fi su sha kuma sun fi su amincewa da shi, wannan zaton kuma na da alaƙa da yawan abin da su kansu ke sha. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Robert Cialdini, ma ya gwada a wani gandun daji a jihar Arizona inda baƙi ke satar itacen da ya zama dutse. Allon da ke kukan cewa baƙi da yawa na ɗauka, an fi yin sata a gabansa fiye da allon da ya ce kawai kada a ɗauka. Kukanmu kan zama talla.

Hotunan mahaukata ma haka. Yaron ya san wani a layinsu da ke shan kodin kuma yana tuƙa Keke Napep lafiya lau. Da ya kwatanta da hotonki sai ya yanke cewa manya ƙari suke yi, daga nan ko gaskiya kika faɗa ba zai saya ba.

Ga abin da za ki yi a zangon nan. Ki nemi izinin shugaban makaranta, ki raba takarda ba suna, ba lambar aji, a jefa a kwali, kuma kada malami ya tsaya a kan yara. Tambaya biyu: a wata ɗaya da ya wuce ka sha tiramol, kodin, wiwi ko sholisho? Sannan, cikin 'yan ajinku goma, nawa kake jin suna sha? Ki sa 'yan ƙungiyarki su ƙirga a gaban kowa, don in ke kika ƙirga a ofis za su ce kin gyara. Tazarar da ke tsakanin amsoshin biyu ita ce darasin. Sai a rubuta adadin gaskiya a allo, kuma kyaftin ɗin ƙwallo ko yarinyar da ake ji da ita ta faɗa a asambuli. Bakin sa'a ya fi na firinsifal shiga. Manhajar rigakafin shaye-shaye ta Unplugged mai darasi 12, wadda aka gwada a makarantun sakandare na tarayya, tana da darasi a kan wannan, ki neme ta.

Kada ki ƙirƙiri lamba ko da ta alheri ce. Ranar da suka gano, kin rasa su. In kuma wani aji ya nuna masu sha sun yi yawa da gaske, kada ki manna wannan a bango, ki tambaye su nawa ne ke son ƙaninsu ya fara, ki yi aiki da waccan amsar. Dabarar ba laya ba ce. Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ta yi a 2015 kan ɗaliban jami'a da shan giya ta ga tasirinta kaɗan ne. A ganina, sai an haɗa da sa idon iyaye da abin da zai cika wa yaro yammacinsa.

Shi kuma yaron naki, allo ba zai yi masa magani ba. A fara sanin tun yaushe yake sha da kuma nawa, domin tiramol na iya jawo farfaɗiya, kuma yanke ta lokaci guda ga wanda jikinsa ya saba na da wahala. Ki zauna da iyayensa a asirce, kada a tsayar da shi gaban asambuli a yi masa bulala. Ki roƙe su kada su saurari mai cewa a kai shi gidan mari ko a sayo masa garin maganin daina shaye-shaye a bayan mota. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa a watan Satumban 2019, mutum sama da 300 a gida ɗaya, wasu da sarƙa a ƙafa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa na duba masu wannan matsala, kuma zuwa can ba ya nufin an haukace. In mahaifinsa ya ƙi, ki nemi limamin unguwarsu ya yi masa magana.