Ina Zuba Toka, Amma Zarnin Akurki Sai Ƙaruwa Yake

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da kaji 25 masu ƙwai a akurkin bayan gida, na shimfiɗa musu garin katako. Tun da damina ta kankama ɗakin yake wani zarni mai shiga ido, kajin suna atishawa, wasu idonsu na ruwa, ƙwan ma ya ja baya. An ce in riƙa barbaɗa toka kullum, ina yi, amma abin sai gaba yake. Mai sayar da magani ya ba ni na mura har sau biyu, ban ga sauƙi ba. Hankalina ya tashi, ina tsoron kada su fara mutuwa. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, amma daga yau ki ajiye tokar nan. Bisa abin da kika faɗa, na fi zargin ƙasan ɗakin a kan wata annoba.

Zarnin da kike ji iskar ammoniya ce. Farin nan da ke saman kashin kaza shi ne fitsarinta. Idan ya samu laima da ɗumi, ƙananan halittun da ido ba ya gani sai su narkar da shi, ammoniya ta fito. Muddin shimfiɗa tana da ɗan tsami, yawancin sinadarin yana ɗaure a cikinta, ba ya tashi. Ita kuwa toka aikinta kashe tsami, kuma da zarar tsamin ya mutu sai abin da yake ɗaure ya kwance ya cika ɗaki. Wato duk safiyar da kika barbaɗa toka a kan jiƙaƙƙen kashi, da hannunki kike sakar wa kajin abin da ke ƙona musu ido da maƙogwaro.

Wannan magana ba ranar da ba na maimaita ta, har bakina ya gaji. Abin da ke ruɗar mutane shi ne toka tana shanye danshin sama, wuri ya yi fari tas, ƙuda su ɗan ja baya, sai mai kiwo ya ɗauka ya yi tsafta. Ga kuma hanci da saurin sabo: wanda ke shiga akurki kullum, a hankali sai ya daina jin zarnin, ya ce ai tokar ta yi aiki. Kaza kuwa ba ta da inda za ta gudu, kanta yana dab da shimfiɗar dare da rana. Ki tsuguna ki kai fuskarki daidai tsayin kanta, ki yi minti ɗaya. In idonki ya kawo ruwa, abin ya riga ya wuce gona da iri. Ma'aunin da masana kiwo ke bi shi ne kada ammoniya ta haura kashi 25 cikin miliyan a iskar ɗaki. Daga nan ne take fara lalata 'yan siraran gashin da ke share hanyar numfashi, sai ƙura da ƙwayoyin cuta su samu ƙofa a buɗe. Jiƙaƙƙiyar toka tana kuma cin tafin ƙafa, ta bar gyambo. Har takin naki ma kina yi masa asara, don sinadarin da ke tashi sama shi ne wanda shuka take nema.

Su kuwa masu ba da magani ba tare da sun leƙa akurki ba, Allah Ya shirya. Kaza tana shaƙar guba, kai kana ɗura mata maganin kashe ƙwayoyin cuta, ina ruwan wannan da wancan? Kuɗi ya tafi, ragowar magani ya sauka a ƙwan da yara za su ci, ranar da cutar gaske ta zo kuma maganin ya ƙi ci. Toka tana da wurinta: busasshiya, a gauraya da yashi a wani kasko daban, kaji su yi birgima a ciki saboda ƙwarƙwata. A nan amfaninta ya tsaya.

Yanzu ga aikin da ke gabanki. Ki fitar da kajin waje, ki kwashe shimfiɗar nan duka, ki bar daɓen ya bushe. Ki zuba sabuwa mai kaurin santimita 10 zuwa 15. Askin katako mai faɗi ko ɓuntun shinkafa sun fi garin katako mai laushi, don shi yana dunƙulewa kuma ƙurarsa ta yi yawa. Wanda ya yi funfuna kada ya shigo ko kyauta aka ba ki, yana kama huhu. Ki binciki rufi ko yana yoyo, ki ɗaga mazubin ruwa ya kai tsayin bayan kaza, domin yawanci daga nan jiƙewar ke somawa. Nan ne kuma cutar kashin jini ke samun gindin zama. Tagogin sama su zauna a buɗe ko da daddare. Kaji 25 suna bukatar fili wajen murabba'in mita 7 zuwa 8, in ɗakin bai kai ba ki rage su.

Duk bayan kwana biyu ko uku ki riƙa juya shimfiɗar, inda ya daskare ki cire. Ki damƙi kaɗan a hannu ki matse: in ta ɗan haɗu sannan ta warwatse, daidai ne, in ta zauna curi guda ta jiƙe. Ki sa faifan katako a ƙarƙashin sandar da suke kwana, ki kankare kowace safiya, don kashi mai yawa da dare suke yin sa.

Abin da kika kwashe kada ya tafi gindin shuka ɗanyensa, yana ƙona saiwa kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela. Ki tara shi nesa da akurki da rijiya, ki haɗa da busasshen ganye, ki ɗan yayyafa ruwa, ki riƙa juyawa har ya yi zafi ya huce, ya koma baƙi marar wari.

In bayan mako guda da gyaran atishawar ba ta lafa ba, a kira likitan dabbobi ya zo ya gani da idonsa. In kuwa kika ga mutuwar farat ɗaya, kumburin kai, koren zawo ko murɗewar wuya, kada ki jira makon ya cika, kuma kada ki yanka ko ki sayar da ko ɗaya kafin ya iso.