Kyamarar da Ta Fito Daga Adakar Baba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Muna kintsa ɗakin marigayi babanmu sai muka ci karo da wata kyamara cikin adaka, mai nauyi kamar dutsen guga. Wani ya karanta mana rubutun jikinta, wai Zorki 4. Baba ya yi karatu a Rasha. Na duba ko'ina ban ga wurin batir ba. Za ta yi aiki, ko in rataye ta don tarihi?
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna makoma.

Daina neman wurin batir, ba ta ci. Ƙarfe ne da sifirin zalla. An yi ta ƙera irinta a Karasnogos, kusa da Mosko, daga 1956 zuwa 1973, da yawan gaske, shi ya sa har yau take da araha. Dubi lambar jikinta, alƙaluma biyu na farko su ne shekarar ƙirarta.

Kafin komai riƙe wannan: kada ka taɓa ƙaramin maɓallin saurin ɗauka sai ka fara murɗa babban da ke jan fim har ya tsaya. In ka saɓa, kana iya karya mata ciki, kuma mai gyaranta ya fi ta wuyar samu.

Saiti ba wuya. In ka leƙa tagar za ka ga abu ya rabu biyu a tsakiya. Juya gilashin gaba har su haɗe, ka danna.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne ranar garinmu. Labulen da ke buɗe wa fim haske na ƙyalle ne, kuma ba madubi tsakaninsa da gilashi. Wata ƙaramar Sallah na ajiye tawa bisa darduma a filin Idi, fuskarta sama, ba murfi a gilashinta. Kafin a gama huɗuba gilashin ya tattara rana ya huda labulen, kamar yadda yara ke ƙona takarda da tabarau. Duk hoton da na ɗauka ranar da farin tabo ya fito, har na surukata, wadda ba ta manta ba har yau. Saboda haka cire bayan kyamarar cikin ɗaki mai duhu, ka haska tocila ta gaba. In ka ga ɗigon haske, akwai huda. Murfi kuwa kullum a rufe. Sai dai ka tuna ka cire shi lokacin ɗauka, don ba ta cikin gilashin kake leƙe ba, kyamarar ba za ta faɗa maka ba.

Ba ta auna haske, kai za ka auna. Fim mai lamba 200 a kwalinsa, rana tsaka: buɗin gilashi 16, sauri 1/250. Ƙarƙashin dogon yaro ko rumfar kasuwa, koma buɗi 5.6, don ƙaramar lamba ta fi buɗewa. Lokacin hazo ka ƙara buɗewa mataki ɗaya, kuma ka hure ƙura kafin ka goge gilashi, kada ka yi da bakin riga.

Fim ba ya shiri da zafin bazara. Firji in akwai wuta, in babu, kusa da randa inda laima ba ta kai. Kuma kafin ka sayi nadi ko ɗaya, nemo wanda zai wanke maka, don yawancin shagunanmu sun koma kwamfuta. Fara da nadi guda mai hoto 36, ka rubuta saitin kowanne a takarda, ka aiko mini in gani.