Amsa ga Alhaji kan kukan aksul ɗin bayan Hilux

Salamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da yamma. Alhaji, na saurari saƙonka. Ka ce Hilux ɗinka tana kuka daga baya, wuuu, musamman in ka ɗaga ƙafa daga totur, kuma abin ya fara ne bayan an canza maka sil, wato robar tare mai, da ke yoyo a bakin farfela, sandar ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa aksul. Yanzu an ce ka je Ƙofar Ruwa ka sayo aksul sukutum. Don Allah ka dakata tukuna, kar ka fitar da kuɗin nan.

Wannan canjin sil ɗin shi na fi zargi. Ka ga babban notin da ke riƙe da finiyon, wato ƙaramin giyan da ke juya babban giyan cikin aksul, wurin da farfela ke ɗaurewa? Sai an kwance shi kafin sabon sil ya shiga, kuma ba da ƙarfin tuwo ake mayar da shi ba. Shi ke matse boris biyu na finiyon daidai gwargwado, a tsakaninsu kuma akwai ɗan bututun ƙarfe da ke lotsewa in an ɗaure. In an bar notin sako-sako, finiyon zai riƙa wasa, haƙoransa ba za su zauna daidai kan na babban giya ba, da ka saki totur sai kuka. In kuma an ɗaure ya wuce kima, boris ya yi zafi ya ci kansa. Ranka ya daɗe, gwajin ba wuya. A sa wa tayoyi waigi, a fitar da giya, a kama bakin finiyon da hannu biyu a jijjiga sama da ƙasa, ciki da waje. Bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Ɗan wasan juyawa hagu da dama, wannan ba komai.

Sai mai. A fara buɗe notin zubawa na sama kafin na tsiyaya, a zura yatsa, man ya kamata ya kai bakin ramin. In ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga, ka san yadda muke kutsa motocin nan cikin ruwa da damina. Notin ƙasa yana da maganaɗisu: baƙin gari mai laushi a jikinsa ba abin tsoro ba ne, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji, to sai an buɗe. A duba ɗan mashaƙar iskar da ke saman aksul ɗin ma, in laka ta toshe shi, shi ke turo mai ta sil. Man kuma na giya ne mai lamba GL-5, 80W-90 ko 85W-90, ban da baƙin man inji.

Sauran 'yan uwa masu a-kori-kura, ku ma ku riƙe wannan. Gurnanin da ke canzawa in ka karkata sitiyari, yawanci boris ɗin taya ne. Ƙwas ɗin da ake ji lokacin sa giya ko ribas, a fara duba kuros ɗin farfela. Ƙas-ƙas a kwana kawai, ƙananan giyoyin cikin aksul ne, kuma taya babba gefe ɗaya ƙarama gefe ɗaya na saurin cinye su.

In ta kama a buɗe, Alhaji, ka nemi mai agogon awo. Wasan da ke tsakanin haƙoran a irin wannan aksul na Toyota 0.13 zuwa 0.18 na milimita ne, ido ba ya auna shi. Babban giya da finiyon tare ake canza su. In kuwa sayen na hannu ya zama dole, a ƙirga haƙoran babban giya da na finiyon: 41 da 10 daban, 43 da 10 daban, kuma mota mai jan ƙafa huɗu dole na baya ya dace da na gaba.

Kafin nan kar ka yi mata lodi ko doguwar tafiya. Ka sa wani ya zauna baya ya ɗauko mana kukan, kana taka totur kana saki, ka turo nan zauren in ji.