Tambaya da Amsa: Wai kuza a cikin batirin waya?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni mai gyaran salula ne a kasuwar Dole nan Damagaram, wani yaro ɗan jami'a ya ce min wai ana son sa kuza cikin batiri, caji ya ninka kusan sau uku. Gaskiya ne ko dai labarin Facebook ne? Kuma shi ke sa batiri kumbura?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Yaron bai yi ƙarya ba, rabin zancen dai ya ba ka. Batirin litiyom yana da ɓangaren da ake kira anod, can litiyom ke zuwa ya zauna in kana caji, kuma yawanci da garafayit ake yin shi, wato baƙin abin nan na cikin fensir. A lissafi giram ɗaya na garafayit yana ɗaukar 372 mAh (ma'aunin yawan caji ke nan), kuza kuwa wajen 990, ka ga inda sau ukun ya fito. Kuzar nan fa kullum tana hannunka, ita ce mafi yawa a dalmar da kake liƙi da ita.

To matsalar, kuza haɗamammiya ce, in ta sha litiyom sai ta kumbura kamar waken da ya kwana a ruwa, girmanta ya ƙaru da kusan kashi 260 cikin ɗari, in cajin ya sauka ta motse, yau kumburi gobe motsewa har ta tsattsage ta zama gari ta rabu da abin da ke kai mata wuta, batiri ya mutu tun bai je ko'ina ba. Garafayit kashi 10 kawai yake ƙaruwa shi ya sa har yau shi ke riƙe da kasuwa.

Dabarar masana ita ce a yi kuzar ƙananan ƙwayoyi ma'aunin nanomita, wato mita ɗaya a raba ta gida biliyan, a rufe kowace da ɓawon kabon, sinadarin nan na gawayi, a bar mata fili kamar gyaɗa a ɓawonta, ta kumbura ba ta fasa komai ba. Kamfanin Sony ma ya fitar da batiri mai kuza a 2005, sunansa Nexelion, kuza haɗe da ƙarfen kobal da kabon, sai dai aikin akwai tsada.

Batiran da ake kawo maka a kumbure kuwa ba ruwan kuza, iska ce ke taruwa ciki in ruwan batirin ya lalace saboda zafi ko caja marar kyau, ga kuma ranar Afrilu ta garin nan. Don Allah kar ka huda shi, wuta yake kamawa, canza shi kawai.