Hukuncin Karɓar Kuɗin Talla a Shafin Intanet

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ni malamar firamare ce, albashi ba ya kai ni ƙarshen wata. Na buɗe shafi a intanet ina rubutu kan girki da rainon yara, masu karantawa kuma sun fara yawa. Google na saka talla a gefen rubutuna, masu kaya kuma suna biyana in tallata musu. Wata mai man shafawa ta ce in rubuta kamar na gwada da kaina, kada in faɗi cewa biyana aka yi. Malam, kuɗin nan halal ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, asalin wannan sana'a halal ce. Wanda ya yanka miki kuɗi sananne don tallarsa ta zauna a shafinki mako ɗaya ko wata ɗaya, haya ce kuka ƙulla, kamar mai gida a bakin titi da ya ba da bangonsa aka kafa allon talla. Wanda kuma ya ce sai an saya ta hanyarki zai ba ki kaso, wannan jinga ce. Ibnu Abi Zaid ya halatta duka biyun a Risala, ya ce mai jinga ba shi da komai sai aiki ya kammala. Asalin jinga yana Suratu Yusuf, aya ta 72, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. Bukhari ma ya kawo cewa Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifin la'adar dillali ba.

Inda nake so ki tsaya shi ne maganar mai man shafawa. Ita ba fili take saye a shafinki ba, amanar da matan nan suka ba ki take saye. Uwar da ta gwada kunun yaye da kika koya mata ta ga ya karɓi ɗanta, gobe in kika ce "na shafa man nan, ya gyara min fata" ba za ta tsaya bincike ba. In ba ki shafa ba, ƙarya ce tsagwaronta. In ma kin shafa, ɓoye cewa an biya ki algus ne, domin mai karatu ba ya ɗora shawarar 'yar'uwa da yabon ɗan talla a sikeli ɗaya. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya ce wa mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Don haka ki rubuta a saman rubutun ƙarara cewa talla ce, kada kuma ki faɗi abin da ba ki tabbatar ba. In ta ƙi, ki bar mata kuɗinta.

Sannan ki duba kayan kansa. Duk abin sha ko na shafawa da ba shi da lambar NAFDAC, musamman mayukan bilicin da magungunan da ake cewa suna warkar da komai, ki nisance su. Caca, rance mai kuɗin ruwa, da tsarin "zuba dubu goma ka kwashi ashirin" duk haramun ne a tallata su, saboda Allah Ya hana taimakekeniya a kan zunubi a aya ta 2 cikin Ma'ida. Waɗanda MMM, wani tsarin zuba kuɗi irin wannan, ta cinye wa kuɗi a ƙarshen 2016, da yawansu wani da suka yarda da shi ne ya ja su.

Tallar Google kuwa, ba ke kike zaɓen kowace ɗaya ba, amma an ba ki damar toshe rukunan da ba ki so. Wajibi ne ki shiga ki toshe na caca da giya da rance da na batsa. Abin da ya kuɓuce bayan haka, ki toshe shi ranar da kika gan shi, babu laifi a kanki. Rashin sanin takamaiman kuɗin da zai shigo miki a wata ba ya ɓata cinikin a fahimtata, tunda ƙa'idar lissafin sananniya ce.

Sai dai ki kiyayi abin da na ga matasa sun mayar ruwan dare: mutum ya riƙa danna tallar shafinsa, ko a haɗa zaure a WhatsApp na "danna min in danna maka" don a yi saurin cika dala 100 da Google ke fara biya a kanta. Mai talla yana biya ne don mai saye na gaske, kuma kin amince da sharaɗin da ya hana haka ranar da kika yi rajista. Cin dukiyar mutane ne da ɓarna.

In kin riga kin karɓi kuɗi a kan tallar haram ko shaidar ƙarya, ki goge rubutun, ki sanar da masu karatunki gaskiya, ki fitar da wannan kuɗin ga mabuƙata. Sauran abin da kika samu ta hanya mai tsabta naki ne.

Wallahu a'alam.