Yadda za ka gane nisan da kowace sandar golf ke kai maka ƙwallo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da fara buga golf a nan Kano ba. Kadi, wato mai ɗaukar min jakar sanduna, zai ce min saura yadi 140 zuwa tuta, in ɗauki sanda mai kan ƙarfe, wato ƙarfe mai lamba 7, yau ƙwallo ta zarce, gobe ta faɗa ramin yashi tun ba ta isa ba. Ta yaya zan san haƙiƙanin nisan kowace sanda tawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kowace sanda nisa biyu gare ta: inda ƙwallo ta fara dira daga sama, da inda ta tsaya bayan ta gama gangarawa. Na farkon shi ne abin aunawa, domin shi ke tsallake maka ramin yashi. Na biyun ƙasa ce ke yanke shi, kuma ƙasar Kano ba ta zama iri ɗaya. Daga hunturu zuwa bazara takan bushe ta yi tauri, ƙwallo ta dira ta yi ta gudu. Da damina ta sauka, bugu iri ɗaya zai dira ya tsaya kusan nan take. Wanda ya auna nisansa da gangaren watan Maris, a Agusta zai riƙa gazawa yana zargin hannunsa.

Ka zaɓi safiyar da iska ta kwanta, wuri shimfiɗaɗɗe. Ka ɗumama jiki tukuna, sannan ka fara da ƙarfe 7. Ka buga ƙwallo goma, irin waɗanda kake wasa da su, ba tsofaffin ƙwallayen atisaye ba, domin waɗannan sukan gaza nisa. Kada ka ƙure ƙarfinka. Bugun da ka saba yi a wasa shi ake so. Kadinka ya tsaya can gefe, nesa da layin bugu, yana kallon inda kowace ƙwallo ta fara taɓa ƙasa, ya dasa tsinke a wurin. A busasshiyar ƙasa ƴar ƙurar da ke tashi ita ce shaidarsa.

Sai awo. In akwai na'urar auna nisa mai leza, kadi ya tsaya kan kowane tsinke ka haska shi. In babu, taku ya wadatar, amma ka fara sanin takunka: ka auna yadi 20 da tef, ka ƙirga taku nawa ka yi. Ka kuma tabbatar da yadi kake lissafi ko da mita, domin yadi ɗaya mita 0.914 ne, wato mita 140 ta kai yadi 153, tazarar sanda guda cur.

Ka jera lambobin daga ƙarami zuwa babba. Misali: 112, 130, 133, 135, 136, 138, 139, 141, 144, 155. Ka zubar da biyun ƙasa da biyun sama, ka ɗauki tsakiyar ragowar. Nisanka 137 ke nan. A nan ne mafi yawan masu wasa ke yaudarar kansu: 155 ɗin nan ita ke maƙale a zuciya, mutum ya riƙa cewa nisansa ke nan, alhali sau ɗaya cikin goma take zuwa. Da tuta a yadi 140 da ramin yashi a gabanta, ƙarfe 6 ya kamata ka zaro, domin ƙaramar lamba ta fi kai ƙwallo nesa.

Haka za ka bi sauran sanduna, uku ko huɗu a rana, don gajiya na rage nisa. Ka rubuta a kati ka sa a jaka.

Da katin ya cika, ka duba tazarar da ke tsakani. Daga ƙarfe zuwa mai bi masa akan samu yadi 10 zuwa 15, saboda kwanciyar fuskarsu kan bambanta da digiri uku zuwa huɗu. In ƙarfe 4 da 5 suna dira wuri ɗaya, saurin hannunka bai kai ya ɗaga ƙwallo da ta 4 ba, gara ka musanya ta da haibrid, sanda mai kaurin kai da ta fi sauƙin ɗaga ƙwallo. Tun da doka ta ƙayyade sanduna 14, babu amfanin biyu masu aiki ɗaya. Kada kuma ka gwada kanka da abokin wasa: ƙarfe 7 na wani kamfani digiri 30 ne, na wani 34.

Iskar da ke busowa a fuska ta fi rage nisa fiye da yadda ta baya ke ƙarawa, don haka ranar da hunturu ya taso ka ɗauki sandar da ta fi nisa da mataki ɗaya ko biyu ka buga a hankali; bugun ƙarfi sama yake cilla ƙwallo iska ta riƙe ta. Tudu ma na da tasiri. Kano ta ɗara mita 450 a kan teku, saboda haka katinka zai ɗan ragu a Legas, ya ɗan ƙaru a Jos. Ka sake awon da shigowar damina, da kuma duk lokacin da ka sauya sanduna ko irin ƙwallo.