Baƙar yanyawa: barbarar kare ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya nuna mini bidiyon wata baƙar yanyawa mai farin bakin wutsiya a Facebook. Ya ce barbarar kare da yanyawa ce, har ana kiwonta a gida. Gaskiya ne? Daga mai karatu a Nima, Accra.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba ta haɗa jini da kare ba. Su biyun ba sa haihuwa tare, domin ƙwayoyin gadonsu ba su dace ba: kare yana da kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) 78, jar yanyawa kuwa 34. Abin da ka gani jar yanyawa ce irin ta Turai da Asiya da Arewacin Amurka, sai dai sinadarin baƙi ya rinjaya a gashinta. Uwa ɗaya takan haifi ja da baƙa a ciki guda, kamar yadda akuya ke yi. In ka duba da kyau, za ka ga tsinin dogayen gashin ya yi fari, yana sheƙi.

Sheƙin nan shi ya jawo mata wahala. A shekarun 1890 Charles Dalton da Robert Oulton suka fara kiwonta cikin keji a tsibirin Prince Edward na Kanada, don a sayar da fatarta, sana'ar ta bazu har Rasha.

Batun kiwo a gida kuma, ƙanenka yana da 'yar gaskiya. A 1959 masanin ƙwayoyin gado Dmitri Belyaev ya fara gwaji a birnin Novosibirsk na Rasha da baƙaƙen yanyawa na gonakin fata. Yakan ware waɗanda ba sa kai wa mutum cizo, su kaɗai ake bari su hayayyafa. Bayan zuriya da yawa suka fara kaɗa wutsiya suna neman mutane, wasu kunnuwansu suka faɗo. Amma lura, hali ya zaɓa, ba launi ba. Wadda ba ta fito daga wannan zuriya ba naman daji ce: tana tona ƙasa, fitsarinta wari ƙwarai, ga gashi mai kauri da aka halitta don ƙanƙara. Ajiye ta cikin zafin Accra zalunci ne, ina roƙonka kada ka ba kowa kuɗi a intanet don a kawo maka ita.

Babu ita a dajin Gana. Mai kama da ita da ake gani a arewa, wajen gandun Mole, dila ne.